Kazar Toshin Muntasir

Salamu alaikum, 'yan gidana na cikin waya. Yau mai neman dariya ya yi haƙuri, ban zo da ita ba. A kan bencin asibiti nake rubuta muku wannan da babban yatsa ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da silifas ɗin yayata.

Wanda yau ya fara shigowa, ga ni nan. Ni'ima nake, haifaffiyar Zongon Kwatano, autar Inna Ramlatu mai zoɓo da ƙanƙara. Mu biyu ne wurinta, ni da Yaya Lubabatu, Babanmu kuwa ya rasu tun ina ƙaramar makaranta. Na gama jami'a a Kalabi, na dawo gida ina ƙulla zoɓo a leda. Shekaruna ashirin da bakwai, kuma ko na manta, matan layinmu suna tuna mini. Duk wadda ta zo sayen ƙanƙara sai ta ɗaga murya ta ce, "Allah ya kawo na gari, Ni'ima," yadda Inna za ta jiyo daga ɗaki. Manema biyu sun zo sun wuce, kowanne ya bar wa Inna hawan jini.

Sai Allah ya kawo Muntasir. Ɗan Sakkwato ne, yana sayar da shadda a kasuwa, yana zaune can Akpakpa, ƙetaren gada. Yaya Labaran, mijin Yaya Lubabatu, shi ya kawo shi gidanmu, rumfunansu na kallon juna. Tun rasuwar Baba, Yaya Labaran ne namijin gidan, abin da ya ce shi ake yi. Ya ce yaron kirki ne, Inna ta yi hamdala, ni kuma, ba zan ɓoye muku ba, ina ganinsa cikin farar shaddarsa da hula zanna bukar na ji na yarda. Ba shi da hayaniya. Aibinsa ɗaya: yana son a san ya waye.

Samarin Zongo tsire suke kawo wa 'yan mata toshi, ko balangu a takarda, da zafinsa da yajinsa. Muntasir ya ce shi ya wuce nan. Duk ranar da zai zo zance sai ya biya wani babban kanti mai sanyi a unguwarsu, ya ɗauko faranti na roba da aka rufe da leda mai sheƙi. A ciki gutsattsarin kaza ne da aka lulluɓe da garin burodi, jajaye kamar yanzu aka tsame su daga mai, amma in ka taɓa sanyi ƙalau. Ya rataya ledar a hannu, ya hau zemijan, wato acaɓarmu ta nan, a ratso cunkoson gada cikin ranar la'asar. Kafin ya iso zaurenmu ledar ta yi gumi, shi ma ya yi.

"Hajiyata, wannan ba irin na bakin titi ba ne," ya ce da ni ranar farko. "Turawa haka suke cin abinsu, ba wuta ba hayaƙi."

Na sunkuyar da kai na gyara mayafi na ce an gode. Kun san budurwa ba ta buɗe toshi a gaban saurayi. Ɗauka take yi ta kai wa uwa, uwa ta raba yadda ta ga dama.

To a lokacin Yaya Lubabatu ta dawo gida goyon ciki. Cikin fari ne, bayan shekara biyar da ɗoriya tana jira. Ba sai na gaya muku irin maganganun da ta sha daga dangin miji ba, da rubutun da ta sha, da asibitocin da ta zaga. Da cikin ya samu, sai ya zo da nasa hali. Ba ta son ƙaurin mai, ba ta son hayaƙi, ba ta son duk abin da ke tururi. Inna ta dafa tuwo ta amayar, ta dama kunu ta amayar. Ta rame har zobenta yana zamewa, sai cikin ne kawai a gaba.

Ranar nan Inna ta buɗe farantin Muntasir a tsakar gida. Yaya tana kwance a tabarma, ta ɗago kai ta miƙo hannu. Ta ci ɗaya. Muka zuba mata ido, ni har na jawo bokiti kusa. Ta ci na biyu, ta ci na uku, ta suɗe yatsa ta nemi ruwa. Abincin bai dawo ba.

Inna ta ɗaga hannu sama, hawaye na bin kuncinta. "Allah ya yi wa yaron nan albarka. Tun bai shigo gidan ba ya fara riƙe mana zuri'a."

Labari ya kai kunnen Muntasir ta bakin Yaya Labaran. Daga ranar ya koma kawo faranti bibbiyu, wani lokaci uku. Inna ta ware musu wuri a firigonta, wato firij ɗin sana'arta, a ƙarƙashin ledojin zoɓo. Ku kuwa da kun ga firigon nan. Ya girme ni, ƙofarsa da igiyar roba ake ɗaure ta, kuma yini ake ana buɗe shi don masu saye. Ga wutar Zongo, ta zo da safe ta ɗauke da hantsi, ruwa ya riƙa tsiyaya daga ƙasansa har bakin rariya. A nan kazar Yaya ke kwana biyu, uku, ta ɗauko da sanyinta ta ci.

Wata rana ina wanke farantin don Inna ta zuba daddawa a ciki, sai idona ya kai ga takardar da ke manne a bayansa. Da manyan baƙaƙe an rubuta da Faransanci cewa dafaffiya ce. A ƙasa kuma, da ƙananan da sai ka matso, an ce a ajiye ta cikin sanyi sosai ba yankewa, in an buɗe a cinye a ranar, mai juna biyu kuma ta ɗumama ta har tsakiyarta ta yi zafi. Na shiga ɗaki na bincika a waya. Na karanta cewa akwai wata ƙwayar cuta da sanyin firigo ba ya hana ta yaɗuwa, wuta kaɗai ke kashe ta. Mai lafiya zai iya ci ya wuce ko ciwon kai bai yi ba. Mai ciki kuwa, takan ratsa ta har ta kai ga abin da ke cikinta.

Na samu Inna tana tace zoɓo.

"Inna, kazar nan da Yaya ke ci, an rubuta a ɗumama ta."

"Wa ya rubuta?"

"Masu yin ta."

"To su zo su ɗumama, su tsaya su ga aman." Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ke ba ki da ido ne? Soyayyiya ce, ga ta nan jajir."

"Inna, waya ma ta ce akwai haɗari ga mai ciki."

Nan ta ajiye rariyar. "Waya ce ta haife ki? Ni na ɗauki cikinku, babu abin da ban ci ba. Mai ciki ba a hana ta abin da ranta ya biya, in an hana ta sai ɗan ya fito da tabonsa a jiki. Yarinya ta samu abu ɗaya da ke zama mata, ke kuma kin zo da boko."

Ban haƙura ba. Washegari na saci faranti ɗaya na kai gidan maƙwabta, na ɗumama a kasko, na bar shi ya huce, na mayar cikin robar na sa a firigo. Na ɗauka na yi dabara. Yaya tana buɗewa ta yamutsa fuska, ƙaurin man ya bugi hancinta, ta ruga bayi. Ta yi amai har ta durƙusa, ta fito tana kuka kamar ƙaramar yarinya.

"Ni'ima, me na yi miki? Yunwa nake ji, wallahi yunwa nake ji."

Wannan kukan ya karya ni. Inna ba ta zage ni ba, ta dai dube ni ta ce idan na ƙara taɓa abincin yayata ba ta yafe ba. Kun san nauyin wannan kalma a bakin uwa.

Sai na koma ta wajen mai kawowa. Na rubuta na goge, na rubuta na goge, kafin na tura.

"Malam, don Allah kazar nan a ɗan dakata da ita. An ce ba ta da kyau ga mai ciki in ba a ɗumama ba."

Ya karanta nan take. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo.

"Hajiyata, kantin da manyan ƙasar nan ke sayayya ne fa."

"Na sani. Amma ga rana a hanya, ga wutarmu."

"Wato abin da nake kawowa ruɓaɓɓe ne."

"Ban ce haka ba."

"Inna da bakinta ta sa mini albarka. In ke ce ba kya so ki faɗa kawai, ba sai an bi ta bayan gida ba."

Na kalli saƙon nan har hasken wayar ya mutu. Danginsa sun riga sun sa lokacin da za su taso daga Sakkwato da kayan sa rana. Inna ta ɗinka sabuwar atamfa mai ruwan ganye don ranar, tana rataye a bayan ƙofa cikin ledar tela. Na tura masa, "Yi haƙuri, ba haka nake nufi ba." Ya turo hoton fure. Ranar zance ta gaba ya zo da faranti uku.

Abin ya fara da ɗan zazzaɓi. Yaya ta ce jikinta na ciwo, tana jin sanyi. A Zongo kuwa kowane zazzaɓi sunansa palu, wato na sauro. Inna ta aike ni farmasi sayen magani, ta kuma dafa ganyen darbejiya ta shafe ta da ruwan. Ya sauka, ya dawo. Na ce a je asibiti, Inna ta ce ranar awo ta kusa, a haɗa gaba ɗaya. Yau da safe muka tashi Yaya tana rawar ɗari cikin bargo biyu, haƙoranta na haɗuwa, tana riƙe da ƙugu. Na kira Yaya Labaran ban nemi izinin kowa ba. Ya bar rumfa a buɗe ya zo da tasi.

A cikin motar, shi yana gaba, mu uku a baya, kan Yaya a cinyata, zafinsa na ratsa zanena. Inna ta matso da bakinta kunnena.

"Ke za ki yi mana tafinta. In an tambayi abinci, abincin gida take ci. Kin ji ni?"

"Inna..."

"Kin san halin mijin yayarki a kan cikin nan. In ya ji sunan yaron nan a cikin maganar, aurenki ya tashi. Na gaji, Ni'ima. Ba zan iya na uku ba."

Ashe ta sani. Duk faɗan da take yi, maganata ta zauna mata a rai. Wannan ya fi komai tsorata ni.

Asibitin haihuwa ne ƙarami, ba nisa da unguwa. Likitar mace ce, 'yar ƙasa, Faransanci take yi da sauri. Yaya Labaran ba ya jin ko kalma ɗaya, Yaya Lubabatu ba ta yi nisa a makaranta ba, Inna kuma na kasuwa take ji, na ciniki da gaisuwa. Ni ce bakin kowa. Aka kwantar da Yaya, aka ɗebi jini a yatsa. Likita ta ce in tambaye ta ko ɗan yana motsi. Na tambaya. Ga Inna tsaye a kanta, ga Yaya Labaran a bakin ƙofa. Yaya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta gyaɗa kai. Likita ta ce to, na'urar duba ciki tana ɗakin wata mai naƙuda, da an gama za a kawo, yanzu a fara da zazzaɓin.

Gwajin ya fito. Babu palu.

Likita ta cire tabarau ta dube ni. Me take ci a 'yan makonnin nan? Madarar da ba a dafa ba? Cuku? Nama mai sanyi daga kanti?

"Me ta ce?" in ji Inna.

"Abinci take tambaya."

"Gaya mata tuwo da kunu. Abincin gida."

Jama'a, nan take abubuwa suka riƙa gilma mini a ido. Na ga atamfar Inna a bayan ƙofa. Na ga matan layinmu da addu'arsu mai ƙaya. Na ga Muntasir yana share gumi da hankici a zaurenmu, mutumin da bai taɓa nufin kowa da sharri ba. Sannan na dubi cikin Yaya yana hawa yana sauka a ƙarƙashin zanen asibiti. Sai wata dabara ta zo mini: in faɗa da Faransanci, likita ta ji, Yaya Labaran bai ji ba. In tsira da duka biyun.

Na faɗa mata komai. Kazar kanti, da sanyinta, makonni ana ci. Rana a kan gada. Firigon da wuta ke ɗaukewa.

Kalmar kaza dai Inna ta san ta a kowane yare. Na ji farcenta ya nutse a damtsena, ban motsa ba.

Fuskar likita ta canja. Ta miƙe tana ba da umarni, a ɗebi jini a kwalba, a ɗaura ruwa, a sa maganin ƙwayar cuta yanzu ba sai sakamako ya fito ba. Ta ce ba ta da tabbas tukuna, amma ba za ta jira tabbas ba. Ta tambayi wane ne mijin, dole a yi masa bayani kafin a ci gaba. Na buɗe baki zan fassara yadda na ga dama, sai ta ɗaga mini hannu ta kira wata nas.

Nas ɗin ta shigo, ina ganinta na san dabarata ta rushe. Anti Karimatou ce, 'yar bayan babban masallacin Zongo, Hausa a bakinta kamar ta Inna. Ta gaishe mu, ta saurari likita, ta juya ga Yaya Labaran ta zayyana masa tiryan-tiryan, ba ta rage ko ɗaya ba. Ita aikinta take yi.

Yaya Labaran mutum ne mai faɗa, duk kasuwa an san shi. Na jira ihu. Bai yi ba. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya dubi Inna.

"Inna, kazar da nake ta yi wa Muntasir godiya a kanta?"

Inna ta kau da kai.

"Ni'ima, ke kin san da wannan?"

"Na faɗa, Yaya. Ba a ji ba."

"Ni kin faɗa mini?"

Ban faɗa masa ba. Ko sau ɗaya tunanin bai zo mini ba, ko kuwa ya zo na kore shi, Allah ne masani.

Ya fita baranda da waya a kunne. Ban ji abin da ya ce ba, gajeriyar magana ce. Kafin ya dawo tawa wayar ta yi ƙara a jaka. Saƙon Muntasir ne.

"Me kika gaya musu?"

Wani ya biyo baya. "Labaran ya ce kada in ƙara taka layinku."

Wani kuma. "Ni'ima, ni alheri na yi niyya. Wallahi alheri na yi niyya."

Na san gaskiya ya faɗa. Inna ta leƙo fuskar wayar, ba ta iya karatu ba amma ta gane. Ta ce da ni a hankali, ba faɗa ba zagi, "To kin huta." Ta ɗauki buta ta fita neman wurin alwala.

Ɗakin ya rage daga ni sai Yaya. Ruwa na ɗiga a jijiyarta, leɓunanta sun bushe sun tsage. Na jiƙa gefen mayafina ina goga mata a goshi. A raina ina cewa ko ba komai an gano da wuri, magani ya shiga, in auren ya tafi ya tafi, ɗan Yaya ya rayu. Da wannan nake rarrashin kaina.

Sai ta kamo hannuna ta ɗora a kan cikinta. Ta dubi ƙofa ta tabbatar ba kowa.

"Ni'ima," ta ce, muryarta can ƙasa. "Ƙarya na yi ɗazu."

"Wace ƙarya, Yaya?"

"Ba ya motsi. Tun jiya da la'asar ban ji shi ba."

"Yaya! Me ya hana ki faɗa?"

Hawaye ya gangaro mata ta gefen ido ya shige kunne. "A gaban Inna? Cikin fari? Da wane bakin zan ce ɗana?"

Ban san lokacin da na fita ba. Na tuna dai ina gudu a baranda ba mayafi, ina kiran Anti Karimatou da Hausa, ina kiran likita da Faransanci. Aka turo na'urar a kan keke, wayoyinta na jan ƙasa. Inna ta shigo da ruwan alwala a fuska, Yaya Labaran na bayanta. Likita ta yaye zanen, ta matsa wani ruwa mai yauƙi a cikin Yaya, ta ɗora kan na'urar.

Sai shuuu kawai muke ji, kamar rediyon da bai kama tasha ba. Ta matsar gefen dama. Ta matsar ƙasa. Ta danna da ƙarfi, ta koma hagu, ta sake dawowa inda ta fara.

"Me ta ce?" Inna ta tambaye ni, tana jan hannun rigata. "Ni'ima, me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba, Inna."

Likita ta juyar da fuskar na'urar wajenta ita kaɗai. Ta yi wa Anti Karimatou magana ƙasa-ƙasa. Anti ta zo ta dafa kafaɗar Inna, ta ce mu ɗan jira a waje, miji kaɗai zai tsaya. Na sunkuya na ɗauki silifas ɗin Yaya don kada a taka, ban san dalili ba. Aka rufe ƙofa.

Muka tsaya a baranda, ni da Inna, ba mai kallon wani. Can sai muka jiyo muryar Yaya Labaran ta cikin katakon. Ba ihu ba ne, ba kuka ba ne. A hankali yake maimaitawa, kamar mai koya wa kansa: "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Inna ta jingina da bango, ta zame har ƙasa. Wannan karon ba ta tambaye ni me aka ce ba.